Na sa su a jerin amintattu, amma har yanzu wasiƙunsu ba sa shigowa

DanFadama_Auyo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimako a kan sabar imel ta wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke nan wajen Auyo. Sabar ta haya ce, tana kan Debian 12, da Postfix, Amavis, SpamAssassin, postgrey da Dovecot. Kamfanin da ke kawo wa ƙungiyar taki yana turo takardun kuɗi ta imel, amma wasu suna faɗawa cikin Junk, wasu kuma ko ƙurarsu ba a gani. Na buɗe /etc/spamassassin/local.cf na rubuta wannan layi (na sauya sunan domen ɗin):

whitelist_from example.org

Na sake tayar da spamd (sabis ɗin SpamAssassin), babu abin da ya canja. Ga shi ana shirin noman rani, takardun nan ake jira kafin a biya kuɗin taki. Ina kuskuren yake?

Injiniya_Kazaure:
Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ce ka haɗa a buhu ɗaya. Wasiƙar da ta faɗa Junk ta shigo gida, matsayi kawai aka ba ta mara kyau. Wadda ba ta zo ba kwata-kwata wataƙila tun a bakin ƙofa Postfix ya kore ta, SpamAssassin ko ganinta bai yi ba. Duk abin da ka rubuta a local.cf ba zai taɓa wannan ta biyun ba, ko sau ɗari ka rubuta shi.

Kafin ka ƙara taɓa kowane fayil, nemo inda aka tare kowace wasiƙa. Ka bi tsarin da take bi a sabarka: Postfix ya fara duba mai turowa, postgrey ya ce a jira ko a wuce, Amavis ya karɓa ya miƙa wa SpamAssassin da mai duba ƙwayar cuta, sannan Dovecot ya ajiye ta a akwati. Ƙofa huɗu ke nan, kowacce da nata mai gadin da nata jerin. Ka buga:

grep -i "example.org" /var/log/mail.log

ka kawo mana layukan da ke ɗauke da NOQUEUE, Blocked ko Passed. Idan babu mail.log kada ka firgita, Debian 12 ba ta zuwa da rsyslog sai an saka shi, a nan sai ka nema da journalctl.

Gwani_Bichi:
Ƙari a kan maganar Injiniya, layin da ka rubuta shi kansa ba zai kama komai ba. whitelist_from da cikakken adireshi yake gwadawa, don haka dole ka sa tauraro: *@example.org. Idan ka rubuta sunan domen zalla, ko ka fara da @ ba tauraro, babu adireshin da zai dace da shi, kuma spamassassin --lint ba zai yi maka ƙorafi ba domin a wurinsa layin lafiyarsa ƙalau. Sannan *@example.org bai haɗa da ƙananan domen irin su kudi.example.org ba, wannan sai ka ƙara *@*.example.org.

Uwar_Yara_Gumel:
Kuma ba spamd za ka tayar ba. Amavis ba ya magana da spamd, yana ɗora SpamAssassin ne a cikin kansa lokacin da ya tashi, ya karanta local.cf sau ɗaya. Sai ka yi systemctl restart amavis gyaran zai fara aiki.

BabanKhalifa:
Ni dai a ganina a daina wahala. Ka sa su a sender_access na Postfix ka rubuta OK, shi ke nan komai ya wuce.

Injiniya_Kazaure:
A'a Baban Khalifa, ba haka abin yake ba, kuma wannan shawarar tana da haɗari idan ba a yi mata bayani ba. OK a Postfix ba ta nufin "wuce duk ƙofofi". Tana nufin a tsallake abin da ya rage a cikin wannan jerin sharuɗɗan kaɗai. Postfix yana da jeri daban-daban: na client, na helo, na sender, na relay, na recipient. In ka sa check_sender_access a smtpd_sender_restrictions, alhali reject_rbl_client, mai duba baƙin jerin adireshin masu turo wasiƙun banza (RBL), yana cikin smtpd_recipient_restrictions, OK ɗinka ba ta hana shi kora ba. Dole su zauna a jeri ɗaya, kuma OK ta riga shi zuwa.

Ga inda haɗarin yake: idan ka ɗora ta a saman reject_unauth_destination, wanda ke hana baƙi tura wasiƙa zuwa waje ta sabarka, kuma smtpd_relay_restrictions ba a tsare yake ba, duk wanda ya yi ƙaryar cewa daga wannan domen yake zai iya amfani da sabarka ya tura wasiƙun banza ko'ina a duniya. Kwana kaɗan adireshinka zai shiga baƙin jeri, daga nan ku ne za ku koma roƙon wasu su sa ku a amintattu. A koyaushe reject_unauth_destination ya fara zuwa, sannan jerin amintattu, sannan RBL.

Bayan haka ma OK ta Postfix ba ta hana wasiƙa bi ta Amavis.

BabanKhalifa:
Na karɓi gyara, Injiniya. Na manta da maganar jeri. A tuna masa kuma da postmap, domin fayil mai hash: ba ya aiki sai an yi postmap /etc/postfix/sender_access, kuma yana iya gwadawa da postmap -q example.org hash:/etc/postfix/sender_access ya ga ko zai dawo da OK.

DanFadama_Auyo:
Allah ya saka da alheri. Na gyara tauraron, na tayar da amavis. Ga abin da na samu a rajista, na sauya lambobi da sunaye. Iri uku ne.

Na farko:
NOQUEUE: reject: RCPT from mta7.example.net[198.51.100.24]: 554 5.7.1 Service unavailable, Client host [198.51.100.24] blocked using zen.spamhaus.org; Error: open resolver; from=<bounce-8841@example.net>

Na biyu:
NOQUEUE: reject: RCPT from mta3.example.net[203.0.113.9]: 450 4.2.0 Recipient address rejected: Greylisted

Na uku:
Passed SPAM, Hits: 7.2

Abin da ya ɗaure mini kai, na farko da na biyu ba su fito ba da na nemi example.org, sai da na nema da adireshin sakataren ƙungiya da aka turo wa.

Malam_Birniwa:
Wannan da ya ɗaure maka kai shi ne mabuɗin rabin matsalar. Kowace wasiƙa tana da adireshin mai turowa guda biyu. Akwai na jikin ambulan, wanda sabar ke faɗa a MAIL FROM, shi ne kake gani a from=< > a rajista, daga baya ya zama Return-Path. Akwai kuma na kan takarda, wato layin From: da mai karatu ke gani. Kamfanin takin nan ba da sabarsu suke turo takardun kuɗi ba, manhajar lissafinsu tana bi ta wani kamfanin tura saƙonni, shi ya sa ambulan ke ɗauke da example.net, takardar ciki kuma example.org. Postfix a bakin ƙofa ambulan kawai yake gani, bai buɗe takarda ba tukuna. Saboda haka ko da ka bi shawarar Baban Khalifa daidai da wuri da komai, example.org a sender_access ba zai kama waɗannan ba.

Gwani_Bichi:
Ku tsaya, ku dubi layin farko da kyau. "Error: open resolver". Wannan ba ya nufin adireshin mai turowa yana cikin baƙin jeri. Spamhaus, mai baƙin jerin da sabarka ke tambaya, ita ce ke cewa ba za ta amsa tambayarka ba saboda ta biyo ta DNS na kowa da kowa irin su 8.8.8.8. A irin wannan hali takan dawo da lamba 127.255.255.254. In tambayoyi sun yi yawa kuma ta dawo da 127.255.255.255. Shi kuwa Postfix, idan ka rubuta reject_rbl_client zen.spamhaus.org haka tsirara, duk amsar da ta dawo ɗauka yake an ce masa mai laifi ne, sai ya kora da 554. Kora ce ta dindindin, sabar da ta turo ba za ta sake gwadawa ba.

Ma'ana, ɗan'uwa, ba kamfanin taki kaɗai kake kora ba. Buga wannan ka gani:

grep -c "open resolver" /var/log/mail.log

Sannan ka gwada da adireshin gwaji:

dig +short 2.0.0.127.zen.spamhaus.org

In komai lafiya za ka ga 127.0.0.2, 127.0.0.4 da 127.0.0.10. In ka ga 127.255.255.254 ka kama ɓarawonka.

Gyara kashi biyu ne. Na ɗaya, ka taƙaita amsar da za a ɗauka da laifi:

reject_rbl_client zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11]

Na biyu, ka saka unbound, manhajar da ke nemo amsar DNS da kanta, a kan sabar, ka sa nameserver 127.0.0.1 a /etc/resolv.conf. Kada ka sa wa unbound forward-zone mai komawa 8.8.8.8, in ka yi haka an koma gidan jiya. Bar shi ya riƙa tambayar tushe da kansa.

DanFadama_Auyo:
Innalillahi. 41 ya nuna a rajistar wannan makon kaɗai. A resolv.conf layi biyu ne, na kamfanin da muke haya a wurinsa a sama, 8.8.8.8 a ƙasa.

Gwani_Bichi:
To ga dalilin da ya sa abin yake zuwa yana tafiya. Duk lokacin da na farkon ya yi jinkirin amsawa sai a koma na biyu, wasiƙar da ta zo a wannan lokacin ita ce ke kwana a ciki. Ka fitar da jerin waɗannan 41 ɗin, waɗanda na mutanen kirki ne a kira su a waya su sake turowa, domin ba za su dawo da kansu ba.

Uwar_Yara_Gumel:
Abu ɗaya da ake mantawa a Debian: smtpd na Postfix yana aiki a cikin killatacciyar folda, yana karanta kwafin da ke /var/spool/postfix/etc/resolv.conf, ba na /etc ba. Kwafin yana sabuntuwa ne idan an yi systemctl restart postfix, reload bai isa ba. Bayan ka tayar, buɗe kwafin ka tabbata 127.0.0.1 ne a ciki. A local.cf ma ka ƙara dns_server 127.0.0.1, domin SpamAssassin ma yana tambayar waɗannan jeri, in kana ganin URIBL_BLOCKED a kan wasiƙu ciwon iri ɗaya ne. Kuma a wasu sabobin haya resolv.conf yana komawa yadda yake bayan an kashe an kunna, saboda DHCP ko wani tsarin kamfanin yana sake rubuta shi. Ka duba bayan kunnawa ta gaba.

Dalibi_Sumaila:
Ku yi haƙuri manya, tambaya a gefe. In ofis yana da sola da batura masu kyau, ba gara a ajiye sabar a ofis ɗin ba maimakon biyan haya da dala?

Malam_Birniwa:
Ƙanena, wuta ba ita ce babbar matsalar ba. Sabar imel tana buƙatar adireshin IP tsayayye na fili, da ƙofa ta 25 a buɗe shiga da fita, da PTR wanda ke mayar da lambar zuwa sunan sabar. Layin data na waya da rauta da ake amfani da su a ƙauyukanmu yawanci suna bayan CGNAT, mutane da yawa a kan adireshi ɗaya, babu yadda sabar waje za ta ƙwanƙwasa maka ƙofa. Irin waɗannan adireshin kuma galibi suna cikin PBL na Spamhaus, wato jerin adireshin da bai kamata su tura imel kai tsaye ba, su ne masu lamba 127.0.0.10 da 127.0.0.11. Tun Fabrairun 2024 Gmail ta ƙara tsaurarawa: kowane mai turowa sai da SPF (jerin sabobin da domen ya yarda su tura imel da sunansa) ko DKIM (sa hannun domen a kan wasiƙa) da PTR ingantacce, masu tura 5,000 a rana kuma sai sun haɗa duka biyun da DMARC (umarnin domen kan yadda za a yi da wasiƙar da ta kasa waɗannan biyun).

In wuta ta ɗauke na wasu awanni wasiƙa ba ta ɓata, sabar da ta turo takan riƙe ta ta yi ta gwadawa, Postfix kwana 5 yake riƙewa. Abin da ke yin ɓarna a ɓoye shi ne agogo. Kwamfutar da batirin allonta ya mutu takan tashi da tsohon kwanan wata, unbound ya ƙi amincewa da sa hannun DNSSEC, daga nan SPF, DKIM da RBL duk su tsaya. Duk mai sabar a gida ya sa chrony, ya canja ɗan batirin nan CR2032.

Dalibi_Sumaila:
Na gode Malam, na fahimta.

Hajiya_Ringim:
Mu dawo kan layi na biyu na DanFadama, kada ya ɓace. 450 kora ce ta wucin gadi, postgrey ne ke cewa "je ka dawo". Yana haɗa abu uku ya riƙe: rukunin adireshin sabar da ta turo, adireshin ambulan, da wanda aka turo wa. In suka dawo bayan daƙiƙa 300 da waɗannan ukun ba canji, sai ya buɗe. Manyan kamfanonin tura saƙonni kuwa suna da sabobi barkatai, gwajin farko daga 198.51.100, na biyu daga 203.0.113, a wurin postgrey baƙo ne sabo kowane zuwa. Ga kuma adireshin ambulan ɗinsu da kan canja da kowace wasiƙa. Shi ya sa takarda kan yi awanni tana yawo, wani lokaci har mai turowa ya gaji.

Maganinsa a /etc/postgrey/whitelist_clients.local yake. Ka rubuta example.net a layi ɗaya, ka tayar da postgrey. Da sunan sabar yake gwadawa, sunan da Postfix ya tabbatar ta DNS gaba da baya, don haka ya fi adireshin ambulan wuyar ƙirƙira. Inda rajista ta nuna unknown[lamba] sunan bai tabbata ba, a nan sai dai ka sa lambar. Kuma wannan jerin jira kawai yake ɗagewa, sauran bincike yana nan, don haka hasararsa kaɗan ce.

Alhaji_Kafin:
Ni ban ga amfanin postgrey a wannan zamanin ba. A cire shi, a kunna postscreen, mai tace baƙi a bakin ƙofar Postfix. Ko ma a tattara Amavis, SpamAssassin da postgrey a ajiye, a sa Rspamd, komai a wuri ɗaya, da shafinsa a ƙofa ta 11334 da ke nuna makin kowace wasiƙa. Maki 4 jira, 6 alama, 15 kora, sai multimap don amintattu.

Injiniya_Kazaure:
Ranka ya daɗe, Rspamd ba shi da laifi, amma ba a sauya doki a tsakiyar rafi. Mutum yana jiran takardun taki a makon nan. Kuma ciwon DNS ɗin nan zai bi shi har can, Rspamd ma sai da unbound. Postscreen kuwa in an kunna gwaje-gwajensa masu zurfi shi ma yakan ce wa baƙo ya je ya dawo, kuma yana da nasa jerin daban a postscreen_access_list. Ƙofa ta biyar ke nan da zai riƙa tunawa da ita.

Alhaji_Kafin:
Bayan girbi dai ya duba maganar. Ban janye ba.

DanFadama_Auyo:
An saka unbound, dig yana dawo da lambobi ukun da Gwani ya faɗa, an gyara layin RBL da postgrey. Na roƙi kamfanin suka sake turo takarda ɗaya, ta shigo cikin minti ɗaya, rajista ta ce Passed CLEAN, Hits: -92.6. Amma da na buɗe bayanan kan wasiƙar babu X-Spam-Status gaba ɗaya. Ko binciken ne ya daina aiki?

Uwar_Yara_Gumel:
Yana aiki. Amavis ba ya rubuta wannan layin sai makin da SpamAssassin ya ba wasiƙar (Hits) ya kai $sa_tag_level_deflt, wanda a Debian 2.0 ne. Naka ya nutse ƙasa da sifili da nisa. A /etc/amavis/conf.d/50-user ka sa $sa_tag_level_deflt = -999; domin ya riƙa rubutawa a kowace wasiƙa. Ka kuma san cewa required_score 5.0 da ke local.cf ba shi ne ke yanke hukunci a tsarinka ba, Amavis da nasa ma'aunin yake amfani, $sa_tag2_level_deflt da $sa_kill_level_deflt, duka 6.31 a Debian. Mutane da yawa suna ta ɗaga required_score suna mamakin rashin canji.

Hajiya_Ringim:
Alhamdulillah ta shigo, amma ni wannan -92.6 ɗin bai kwantar mini da hankali ba. Cire 100 ɗin da jerin amintattu ya ba ta, saura 7.4. Wato wasiƙar har yanzu SpamAssassin yana mata kallon ta banza, rufe masa baki kawai aka yi. Kuma whitelist_from ba ya tabbatar da komai, abin da aka rubuta a From: yake karantawa, wanda kowa zai iya rubutawa daga ko'ina. Takardun kuɗi ne fa waɗannan. Ɗan damfara ya rubuta sunan kamfanin, ya liƙa takarda mai sabuwar lambar asusun banki, sabarka ta ba shi -100 ta kai shi gaban ma'aji da hannu biyu. Kuɗin manoma ne da suka tara buhu-buhu.

Ka cire shi ka sa wanda ke neman shaida. Debian 12 da SpamAssassin 4.0 take zuwa, wanda ya fito a Disambar 2022, a cikinsa aka sauya sunayen zuwa welcomelist, tsofaffin ma suna aiki. Mafi sauƙi:

welcomelist_auth *@example.org

Wannan ba ya ba da rangwame sai SPF ko DKIM ya tabbatar da mai turowa.

Malam_Birniwa:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai a wannan wasiƙar welcomelist_auth zai iya ƙin kamawa, kada ya sa ya ga ta koma Junk ya ce shawarar ce ba ta da kyau. SPF ambulan yake dubawa, ambulan kuma na example.net ne. Saura DKIM. Ka buɗe layin DKIM-Signature ka dubi d=. In d=example.org ne, shi ke nan. In d=example.net ne, wato kamfanin tura saƙonnin ne ya sa hannu da sunansa, sai ka faɗa wa SpamAssassin ƙarara:

welcomelist_from_dkim *@example.org example.net

Sai dai wannan ya ɗan fi rauni, domin ya dogara da cewa kamfanin tura saƙonnin ba ya barin wani abokin cinikinsa ya ari sunan wani. Abin da ya fi shi ne mai kula da domen ɗin kamfanin takin ya sa makullin DKIM a DNS ɗinsu, a riƙa sa hannu da sunansu. Ka tabbata libmail-dkim-perl da libmail-spf-perl suna kan sabar, in babu su layukan nan ado ne kawai. Gwaji kuma: ajiye wasiƙar cikakkiya a fayil, ka yi

sudo -H -u amavis spamassassin -t -D dkim,spf < wasika.eml

da sunan amavis, ba root ba, domin kowannensu da nasa ma'ajiyar.

Gwani_Bichi:
Ni ko da shaida ban son -100. Akwatin imel na ma'aikacin kamfani in aka sace kalmar sirrinsa, wasiƙar ɓarawon za ta fito da SPF da DKIM masu kyau, domin daga gidan gaskiya ta fito. Ana iya rage rangwamen: score USER_IN_DKIM_WELCOMELIST -8. Ya isa ya ceci takardar gaskiya mai maki 7, amma wadda ta tara 20 ba za ta tsira ba.

BabanKhalifa:
A nan ban bi ka ba Gwani. Jerin amintattu da ba ya tabbatar da shigowar wasiƙa mene ne amfaninsa? Gobe su canja fasalin takardarsu makin ya hau 15, a sake dawowa nan. Maganar canjin asusun banki ba aikin matata ba ne, doka ce ta ofis: duk takardar da ta zo da sabuwar lambar asusu, ma'aji ya kira lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke jikin wasiƙar ba.

Hajiya_Ringim:
Dokar ofis ɗin dole ce, a kan wannan babu jayayya. Amma ba ta hana a rage ƙofar ba.

Injiniya_Kazaure:
Kafin ku raba gardama, babu wanda ya tambayi daga ina 7.4 ɗin ya fito. DanFadama, kawo sunayen gwaje-gwajen da ke cikin tests=.

DanFadama_Auyo:
Manyan su ne BAYES_99=3.5 da BAYES_999=0.2, sauran ƙanana ne na HTML da hoto mai yawa rubutu kaɗan. Kuma na ga wani abu a rajistar jiya: Blocked BANNED, From: na kamfanin ne, amma daga wani adireshi daban da ba shi da suna, da fayil ɗin zip mai .exe a ciki. Shin in sake ta da amavisd-release in gani?

Injiniya_Kazaure:
Kada ka sake ta. Bar ta a /var/lib/amavis/virusmails. Takardar kuɗi ba ta zuwa da .exe, kuma tsarin hana fayiloli na Amavis daban yake da makin SpamAssassin, jerin amintattu ba ya taɓa shi. In kana son dubawa, karanta bayanan kanta da less ko zless a kan sabar, ka ga layin Received na farko da sabarka ta rubuta. Ka kuma sanar da kamfanin cewa ana amfani da sunansu, su duba DMARC ɗinsu.

BAYES_99 kuwa yana nuna ma'ajiyar koyo ta SpamAssassin (Bayes) ta lalace, an koya mata cewa irin waɗannan takardu banza ne. Yakan faru idan akwai aikin cron (aikin da sabar ke yi da kanta a kan lokaci) da ke kwashe duk abin da ke Junk yana ba sa-learn --spam: wasiƙa ta faɗa bisa kuskure, a koya, ta gaba ta ƙara nutsewa. Duba crontab. Sannan tara takardun kamfanin na gaskiya a folda ɗaya ka yi sudo -H -u amavis sa-learn --ham a kanta, shi da kansa zai warware koyon baya na waɗannan wasiƙun. Da sa-learn --dump magic za ka ga nspam da nham, wato adadin wasiƙun banza da na kirki da aka koya masa, Bayes ba ya fara aiki sai kowanne ya kai 200. In ka tarar spam dubbai ne ham ƴan ɗaruruwa, ma'aunin ya karkace. Rabin makin nan zai zube in aka gyara wannan, ragowar bai kai 6.31 ba.

DanFadama_Auyo:
Akwai cron ɗin kuwa, kullum ƙarfe 2 na dare. Na dakatar da shi. d= na example.net ne, na sa layin Malam Birniwa, na cire whitelist_from, makin dai ban rage ba tukuna sai na ga yadda Bayes zai yi. Saura abu ɗaya: takardar yau ta shiga Inbox na sakatare, amma kwafin ma'aji yana Junk, alhali wasiƙa ɗaya ce.

Uwar_Yara_Gumel:
Nemo Message-ID ɗinta a rajista, ka dubi layin Dovecot mai cewa stored mail into mailbox na akwatin ma'ajin. In ya ce Junk, to dokar Sieve ce ta kansa, wato dokar rarraba wasiƙu a akwati, duba fayil ɗin .dovecot.sieve da ke akwatinsa, wataƙila an taɓa sa dokar da ke kama adireshin ko wata kalma a take. In ya ce INBOX, sabar ta gama nata, wata na'ura ce ta ɗauke ta daga baya. Thunderbird da Outlook kowanne da tasa matatar, wasu manhajojin waya ma haka, kuma ta IMAP abin da ɗaya ta matsar duk sauran za su gani a matse. Tambaye shi na'ura nawa ke buɗe akwatin, har da tsohuwar kwamfutar ofis in tana nan a kunne. Domin gane wacce ce, ka kunna mail_log da notify a mail_plugins na Dovecot, za su rubuta kowane kwafi da gogewa, sai ka haɗa lokacin da layin shiga mai rip= ka ga adireshin na'urar. Kawo mana layin idan ka samu.